Ƙwallon gidan wasa ko ƙwallonka na kanka? Amsa ga ɗan'uwanmu mai wasan bolin

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce kusan shekara biyu kana wasan bolin (mirgina ƙwallo mai nauyi a kan dandamali don kayar da kwalabe goma da aka jera) a Maleshiya da ƙwallon da gidan wasa ke ajiyewa, mai laba 12. Yanzu ka sayi naka mai laba 14, an huda shi daidai hannunka, amma maki ya faɗi, babban yatsa yana maƙalewa, ƙwallon kuma yana yin kwana ya bar inda ka auna. Shin ka koma wa tsohon? A'a, kada ka koma tukuna. Bari in jera maka su biyun ka ga inda suka rabu.

Babban bambancin yana wajen riƙo. Ƙwallon gidan wasa an huda shi ne don kowa da kowa, ramukansa faffaɗa, yatsan tsakiya da na kusa da ƙaramin yatsa suna nutsewa har gaɓa ta biyu. Tunda ramin babban yatsa ya yi maka yawa, dole ka damƙe shi da ƙarfi don kada ya suɓuce in ka kai hannu baya. Shekara biyu kana wannan damƙar, hannunka ya haddace ta. Naka kuwa, yadda ka bayyana shi, yatsun biyu iyakar gaɓar farko suke shiga, babban yatsa kuma ya shige duka, tafin hannu ya shimfiɗe a jikin ƙwallo. An yi shi ne don ya zauna a hannu ba tare da an matse shi ba. Lokacin saki, babban yatsa ne ke fara fita, nauyin ya sauka kan 'yan yatsun biyu na ɗan ƙiftawar ido, su ne ke juya ƙwallon. To in ka damƙe shi irin damƙar da, gaɓar babban yatsa ta lanƙwashe ta tokare ramin, sai ya fita a makare. Ina kyautata zaton maƙalewar da kake ji ke nan. Gwada wannan a ɗaki: ka durƙusa gwiwa ɗaya, ka ajiye filo a gabanka, ka riƙa lilo da hannu a hankali kana sakin ƙwallon cikin filon, babban yatsa a miƙe a sake. Sau 20 a rana ya isa.

Batun nauyi ba shi da tsawo. Laba 14 ya ɗan haura kilo 6, ƙa'idar wasan kuma ta yarda har laba 16. Ƙwallon da ya dace da hannu ba ya gajiyar da mutum kamar na gidan wasa, shi ya sa masu huda kan ba da shawarar a ƙara laba ɗaya ko biyu. In kafaɗarka tana zubewa ƙasa tun wasa na biyu, wannan wata magana ce, amma ba ka ambaci haka ba.

Sai kwanar da ke ba ka mamaki, wadda ita ce ainihin abin da ka biya wa kuɗi. Daga layin da ba a tsallakewa zuwa kwalbar gaba ƙafa 60 ne. Ana shafa wa dandamalin mai daga farko zuwa wajen ƙafa 40, ragowar kuma busasshe ne, kuma a yawancin gidajen wasa man ya fi yawa a tsakiya fiye da gefe. Ƙwallon gidan wasa fatarsa roba ce mai santsi, cikinsa kuma babu wani nauyi na musamman, don haka da mai da busasshe duk ɗaya suke a wurinsa, miƙewa kawai yake. Naka fatarsa rezin ce, wani sinadari mai kama da roba, irin wadda ta shigo wasan a farkon shekarun 1990. Tana tsotsar mai, tana sulɓi a jiƙaƙƙen wuri, da ta taka busasshe sai ta kama ƙasa. A cikinsa kuma akwai dunƙulen nauyi da aka siffanta don ya taimaka masa ya karkata. Amfanin wannan shi ne ƙwallon ya shiga tsakanin kwalba ta 1, wato ta gaba, da ta 3, wadda ke bayanta ta dama, a kaikaice, in kai badame ne, ya ratsa sauran maimakon ya buga ta gaba ya goce. Wanda ya shiga a miƙe yakan bar kwalba ɗaya ko biyu a tsaye ko da ya bugi wuri mai kyau.

Saboda haka inda kake tsayawa da tsohon ƙwallo ba zai yi maka aiki da sabon ba. Daina kallon kwalabe. Akwai kibiyoyi bakwai a ƙasa, wajen ƙafa 15 daga layi, tsakanin kowace da 'yar'uwarta katako biyar, wato siraran katakan da aka shimfiɗa dandamalin da su. Ka auna kibiya ta biyu daga dama. In ƙwallon ya yi kwana ya wuce hagu, kada ka canza kibiya, ka matsar da ƙafafunka hagu da katako biyu ka sake jefawa. In ya kasa dawowa ya tsaya a dama, ka matsa dama. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowace jifa, in ba haka ba ba za ka gane wanne ya gyara ba.

Akwai wurin da tsohon ya fi sabon, kuma gaskiya ce in faɗa maka. Kwalba ta 10, wadda ke kusurwar dama, tana yi wa badame wuyar samu da ƙwallon rezin, domin yakan karkata ya bar ta daf da isa. Ƙwararru ma suna ajiye ƙwallon roba na biyu don irin wannan kwalbar da ke ragewa bayan jifar farko. In kuɗi ya samu ka sayi na roba mai araha a huda shi da awon hannunka ɗin nan. Kafin nan, ka ɗauki na gidan wasa don kusurwa kaɗai, ba don jifar farko ba, don kada hannu ya koma tsohuwar damƙa.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne ka ce yatsa yana maƙalewa amma ba ka ce ko yana ciwo ba. Rashin sabo daban, mugun awo daban. Gajiyar yatsu da ɗan kanta a makonnin farko ba komai ba ne. Amma bororo a gindin babban yatsa, ko zafi a ƙarƙashin farce, ko jin kamar ana jan jijiya har gwiwar hannu, ko yatsa ya mutu ya daina ji, waɗannan ba a yi musu haƙuri. Suna nuna tazarar ramukan ta yi yawa, ko karkatar ramin ba ta dace da yatsanka ba, ko bakin ramin na da kaifi. Ka mayar wa wanda ya huda, ka roƙe shi ya kalle ka kana jifa. Ana goge bakin rami, ana ma cike shi a sake huda sabo.

Ka kuma sani yatsa ba ya zama girma ɗaya. Ka shigo daga zafin waje ya kumbura, sanyin iyakwandishan ya buge shi ya saɓe, ka yi wasa uku ya sake tashi. Don haka ake barin ramin da ɗan sarari, a riƙa liƙa siririn tef a ciki, a ƙara in ya yi sako-sako, a cire in ya matse. Ka sayi tef ɗin a shagon, ka sa a jakarka tare da busasshen tawul na goge mai bayan kowace jifa. Kada kuma ka bar ƙwallon a but ɗin mota cikin rana, zafi yana fasa shi.

Ka ba shi wasa 15 zuwa 20 ba tare da duba allon maki ba, sannan ka dawo ka gaya mana katakon da kake tsayawa a kai da kuma ko yatsan ya daina maƙalewa. In akwai hoton bidiyo daga bayanka, ka turo mu gani.