Rigakafin shan inna na matafiya a ofishin Port Health: inda aikin ya yi kyau da inda ake tuntuɓe

Duk mai shirin Hajji, Umara ko neman magani a Indiya sai ya bi ta hannun ma'aikatan Port Health, wato sashen Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya mai kula da lafiya a filayen jiragen sama, tashoshin ruwa da kan iyakoki. Su ke ba da katin nan mai ruwan ɗorawa da ake kira yalo kat. Suna da ofis a filin jirgin Malam Aminu Kano, da na Abuja da na Legas, maniyyatan gwamnati kuwa galibi hukumar alhazai ta jiharsu ce ke shirya musu ranar allura. Hukuncinmu a kan wannan hidima shi ne tana da araha kuma katinta karɓaɓɓe ne a duniya, amma an gina ta ne a kan allurar shawara. Rigakafin shan inna ya zama ɗan rakiya, kuma a kansa ne matafiyin da bai sa ido ba ya fi cin karo da matsala.

Matakan ba su da wuya. Ana shiga shafin katin a intanet a cike bayanai daidai da yadda suke a fasfo, a biya ta Remita, a buga rasit, sannan mutum ya je ofis da kansa riƙe da fasfo da rasit ɗin. A nan ake yin allura, a rubuta, a buga hatimi. Sabon katin mai lambar QR ya maye gurbin tsohon ne a 2019, saboda katunan jabu sun yi yawa har wasu ƙasashe suka fara zargin na gaskiyar ma. Naira 2,000 ne kuɗinsa lokacin da aka fito da shi. A duba farashin yanzu a shafin kafin a biya, kuma duk abin da aka ce a ƙara na wata allura a nemi rasit ɗinsa. Wannan sauyi ya yi amfani ƙwarai, domin jami'i zai iya duba lambar ya ga ko sunan da ke jikin kati shi ne na rajista.

Ruɗanin yana farawa ne daga wa'adi. Tun watan Yulin 2016 allurar shawara guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, tana fara aiki kwana 10 bayan an yi ta. Mutane suka ji haka suka ɗauka katin gaba ɗaya ba ya mutuwa. Layin shan inna a cikin katin kuwa dokarsa daban: dole a yi rigakafin aƙalla mako 4 kafin tafiya, kuma kada ya wuce wata 12. Wanda aka yi wa jiya bai cika sharaɗi ba, wanda aka yi wa bara waccan ma haka. Mai zuwa Hajji duk shekara ya yi lissafi da kyau: shekarar Musulunci kwana 354 ce, to idan an yi masa rigakafi mako 6 kafin tashinsa na bara, ranar tashinsa na bana ya kai wajen kwana 396, ya zarce wa'adi ke nan, sai an sake.

Akwai dalilin kowane ɓangare. Mako huɗun shi ne lokacin da jiki ke buƙata ya haɗa garkuwa, kuma wanda aka ɗiga wa rigakafin a baki yakan yi makonni yana fitar da ƙwayar rigakafin a bayan gida. Wata sha biyun kuma saboda garkuwar hanji tana raguwa da lokaci. Babban mutum zai ce shi me ya haɗa shi da ciwon yara? Ai ba don ƙafarsa ake yi ba. Kusan mutum ɗaya ne cikin 200 da suka kamu ke shanyewa, yawanci ba sa jin ko ciwon kai, amma ƙwayar na cikin hanjinsu tana fita a bayan gida. A haɗa wannan da banɗakunan Mina da mutum sama da miliyan ke bi cikin 'yan kwanaki, sai a gane abin da Saudiyya ke gudu. Ba kuma tsoron banza ba ne: bayan dakatar da rigakafi a Kano da wasu jihohi a 2003, ƙwayar ta bazu har Sudan, Yaman da Indonesiya, a wannan tsakanin ne Saudiyya ta sa sharaɗin a kan masu shigowa daga ƙasashen da cutar take. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ayyana yaɗuwar shan inna a matsayin lamarin gaggawa na ƙasa da ƙasa ranar 5 ga Mayun 2014, kwamitinta na zama duk wata uku yana sabunta jerin ƙasashe.

Wani zai ce ba an ce Najeriya ta rabu da shan inna ba? An ce, ranar 25 ga Agustan 2020, bayan da aka ga mai cutar na ƙarshe a Borno a 2016. Wannan maganar ƙwayar daji ce, wadda yanzu Pakistan da Afganistan kaɗai ta rage. Abin da ya sa sunan Najeriya, da Nijar da Chadi, ke yawan fitowa a jerin shi ne ƙwaya nau'i na 2, cikin nau'o'in ƙwayar shan inna uku, da ta rikiɗe daga rigakafin baki, wadda ke yawo a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba.

A nan ne abin da ya fi muhimmanci yake, kuma shi ne abin da ba a cika yi wa matafiyi bayani a kan tebur ba. Rigakafin iri biyu ne. Akwai na ɗigawa a baki, ɗigo biyu, da na allura, IPV, rabin mililita a dantse. Tun watan Afrilun 2016 aka cire nau'i na 2 daga ɗigon yau da kullum, ya koma bOPV mai nau'i na 1 da na 3 kawai. IPV ce ke ɗauke da dukan ukun. Saboda haka ƙa'idar Saudiyya a shekarun nan ta bambanta: masu zuwa daga ƙasar da ke da ƙwayar daji ko nau'i na 1 da na 3, ko wanne aka yi musu ya wadatar, masu zuwa daga ƙasar da ke fama da nau'i na 2 kuwa IPV ake so. Ɗan Najeriya da aka ɗiga wa bOPV ya sami layi a katinsa, amma ba a kare shi daga nau'in da ke yawo a garinsu ba. Shawararmu, a tambaya da baki: akwai IPV? Idan babu a ranar, asibitocin da ke rigakafin yara suna ajiye ta, domin tana cikin jadawalin jarirai. Sai dai a fara tambayar ofishin ko za su shigar da ita a kati idan an kawo shaidar asibitin mai lambar kwalba. Mai raunin garkuwar jiki, kamar mai shan maganin daji ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko wanda ke zaune gida ɗaya da irinsu, allurar ce tasa, ba ɗigo ba. Wanda kuma ya taɓa samun mummunan rashin jituwa da neomycin ko streptomycin ya faɗa kafin a tsira masa IPV, akwai ɓurɓushinsu a ciki.

Ingancin maganin kansa ya rataya a kan firji, kuma matafiyi na da ikon dubawa. A jikin kwalbar akwai da'ira da ɗan murabba'i a tsakiya. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, maganin na nan da ransa. Idan launinsu ya zo ɗaya ko murabba'in ya fi duhu, zafi ya gama da shi. Na baki shi ya fi kowanne rashin jure zafi. IPV kuma akasin haka take, sanyin da ya kai ƙanƙara ne ke lalata ta, wurinta tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka kwalbar da aka jingina kai tsaye da ƙanƙara a cikin kula abin tambaya ce. Ranar allurar maniyyata, inda ɗaruruwa ke layi a rana, nan ne wannan ya fi faruwa, shi ya sa zuwa da sassafe ya fi. Idan aka ɗiga wa mutum ya tofar ko ya yi amai nan take, a sake ɗigawa.

Sai rubutu, wanda shi jami'in Jidda ko Madina zai gani, ba allurar ba. Dokar lafiya ta duniya ta fayyace yadda layin zai kasance: sunan rigakafin, ranar da aka yi, kamfanin da ya yi shi da lambar kwalba, sa hannun ma'aikacin da alƙalami, da hatimin cibiyar. Hatimi ba ya maye gurbin sa hannu. Kankarewa ko gyara a kan rubutu na iya soke layin, gara a ja sabo. Ana so a rubuta watan da haruffa, domin 03/04 wani Maris zai karanta, wani Afrilu, kuma a sharaɗin mako huɗu wannan bambanci ya isa ya jawo gardama. Kowane mutum da katinsa, har jariri; ba a haɗa uwa da ɗa a kati ɗaya. Sunan ya zo harafi da harafi kamar na fasfo, kada Muhammad ya koma Mohammed. Kafin a bar teburin a buɗe katin a karanta, minti biyu ne, dawowa gyara kuwa wuni guda.

Masu Umara da jirgin yawo su suka fi faɗawa rami, don biza kan fito da sauri, ejan ya ce tashi jibi. Mai niyyar Umarar azumi ya je tun Rajab, ya haɗa da allurar sanƙarau mai nau'i huɗu, ACWY, wadda ita kwana 10 take so kafin isa, tana kuma aiki shekara 3 ko 5 gwargwadon irinta. Idan ba a rubuta irin ba, shekara 3 ake ɗauka. Ana iya yin rigakafin shawara, sanƙarau da shan inna rana ɗaya ba matsala. Idan tafiya ta zo bagatatan, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a yi rigakafin ko da ranar tashi ce, amma wannan bai tilasta wa ƙasar da za a sauka ta karɓa ba. Indiya ma tun 2014 ta sa sharaɗin ɗigon baki mako 4 kafin tafiya ga 'yan wasu ƙasashe, Najeriya na cikin jerin farko, kuma a wajen neman biza ake tambaya, don haka mai kai mara lafiya ya duba sharaɗin ofishin jakadancinsu kafin ya karɓi ranar ganin likita.

Ejan da ya ce kawo fasfo da kuɗi zai kawo maka kati gida, ba taimako ya yi maka ba. Ko katin ya fito da hatimi, idan lambar ba ta cikin rajista sai a filin jirgi za a gane, lokacin da tikiti ya riga ya ci kuɗinsa. Maniyyatan Nijar kuma nasu katin na Faransanci ne, karɓaɓɓe daidai da na Ingilishi, kuma sharaɗin mako 4 da wata 12 iri ɗaya ne a kansu.