Hayar kayak a Legas: abin da muka biya da abin da muka tarar

Mu 'yan ƙungiyar masu kai tattasai da albasa kasuwar Mile 12 ne daga yankin Kirikasamma, kuma kusan dukkanmu a bakin ruwa muka tashi. Wanda bai yi su ba ya yi fito, wanda bai yi fito ba ya sha tura kwale-kwale zuwa gonar shinkafa da damina. Shi ya sa da aka kawo shawarar cewa a tafiyar hunturu, idan an sauke kaya an karɓi kuɗi, mu ware yini guda mu shiga ruwan Legas da ƙananan jiragen robar nan da ake kira kayak, babu wanda ya ga wani abin wahala a ciki. Ni aka ɗora wa neman masu bayar da haya, domin wayata ce ke kama intanet idan na hau tudun bayan firamare. Wani ƙaramin kamfani na samu a gefen Ikoyi. Ba zan kama sunansa ba, tunda akwai yabo akwai kuma ƙorafi.

Tun a saƙon farko na WhatsApp suka burge ni. Kafin a zo maganar kuɗi sai da suka tambayi mutum nawa ne suka iya iyo a cikinmu, wa ya fi kowa nauyi, kuma akwai wanda ya taɓa shiga ruwan gishiri. Na ba su ranar da muke so. Suka ce ranar ba ta dace da sababbin shiga ba, suka ba ni wasu kwanaki uku a jere, kowace rana da lokacin tashinta, ta biyu ta fi ta farko jinkiri, ta uku ta fi ta biyu. Da na karanta wa jama'a a majalisa bayan isha'i, kawuna, wanda ya fi shekara talatin yana fito, ya ce, "Kai yaro, ruwa ne ko jirgin ƙasa, da za a ce sai ƙarfe kaza?"

Tambayar tasa tana da hujja. Kogin Haɗejia sau ɗaya yake kawowa a shekara. Yana fara hauhawa da tsakiyar damina, ya tumbatsa wajen Agusta da Satumba, sannan ya riƙa ja da baya sannu a hankali. Abin da ke juya shi ruwan sama ne da kuma abin da aka sako daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992. Mashigin da ka bari da safe shi za ka tarar da yamma. Teku kuwa a gaɓar Nijeriya sau biyu take cika sau biyu take janyewa a kowane yini da dare. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da kusan minti 25, don haka kowace rana lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Idan yau ruwa ya cika ƙarfe 10 na safe, gobe sai wajen 11 saura minti goma. Wannan ne ya sa lokutan da suka ba mu suka bambanta.

Bayanin da ya sauko da kawu shi ne na wata. Jan wata da na rana ne ke ɗaga ruwan. Idan suka hau layi ɗaya, wato wajen tsayuwar wata da kuma 14 zuwa 16 gare shi, cikar tana yin sama sosai, janyewar tana yin ƙasa sosai, ruwan da ke shiga da fita ta mashigar tashar jiragen ruwa yana gudu da ƙarfi. Wajen 7 da 8 ga wata, da kuma 22 da 23, bambancin yana raguwa, gudun ruwan ya lafa. Ranar da muka fara zaɓa ta faɗo a tsakiyar farin wata. Kwanakin da suka ba mu kuwa a wajen ƙarshen makon farko na watan gaba suke. Mu da muke lissafin azumi da Sallah da wata, wannan bai ba mu wuya ba ko kaɗan. Ma'aikaciyar da ke amsa saƙo sai ta duba manhaja take sanin kwanan wata, mu kuwa ko yaron da ke kiwon awaki ya sani.

A Legas bambancin cika da janyewa bai cika wuce mita ɗaya ba, ba kamar Kalaba ba inda yake kai wajen mita uku. Kada mita ɗayan nan ta ruɗe ka. Duk ruwan da zai ɗaga faɗin tafkin Legas ta ƙofa ɗaya yake shiga, ya rarrabu cikin ƙananan rafuka, kuma a inda hanya ta tsuke nan yake gudu. Sun kuma koya mini wani lissafi na matuƙa: a cikin awa shida da ruwa ke ɗauka yana cika, awar farko kashi ɗaya cikin 12 yake ƙaruwa, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, sannan biyu, sannan ɗaya. Ke nan rabin ruwan a awa biyun tsakiya yake shigowa. Lissafin na ƙiyasi ne, amma ya isa mutum ya san lokacin da bai kamata ya yi gaba da ruwa ba.

Mu Tarkwa Bay muka so, wata gaɓa mai rairayi da ke bakin mashigar teku, don hotonta muka gani. Suka ƙi fafur. Daga Ikoyi zuwa can sai an ratsa hanyar manyan jiragen da ke shiga tashoshin Apapa da Tin Can, kuma sun ce ba sa kai baƙi nan da filafili ko nawa za a biya. Idan lallai sai can, sai a loda kayak ɗin a jirgi mai inji a kai mu, mu yi wasa a cikin lungun da shingen duwatsu ya kare daga igiyar teku, da ƙarin kuɗi mai tsoka. Wasu a cikinmu sun ji haushi. Ni a nan na yarda da su, domin mai neman kuɗinka kawai ba ya ce maka a'a. Muka tsaya a kan rafin Five Cowrie, wanda ya raba Ikoyi da Victoria Island. Tsarin shi ne a tashi kusan awa biyu kafin cika, ruwa mai shigowa ya tura mu gabas wajen gadar Lekki da Ikoyi, mu huta lokacin da ya tsaya, idan ya juya ya dawo da mu. Zuwa da dawowa duk ruwa na bayanka.

Yanzu ga inda suka gaza. Jadawalin da suka turo mini hoton allon waya ne, kuma lokutan da ke ciki na agogon GMT ne, wanda ke bayan na Nijeriya da awa guda. Babu wanda ya ce mana komai. Ƙanina da ke karatu a Dutse ne ya lura cewa lokacin da ke hoton bai yi daidai da wanda suka rubuta a saƙo ba. Da na tambaya sai aka ce, ai na saƙon ne daidai. To me ya kawo hoton? A harkar da awa ɗaya ke raba ruwan da zai taimake ka da wanda zai yaƙe ka, wannan sakaci ne babba.

Na biyu ya fi ciwo. Ana gobe za mu fita, da daddare, muna masauki a Agege, suka sauya wurin sauka ruwa. Wurin farko gangare ne na siminti, ka tura jirgi ka zauna. Sabon wurin dandamalin katako ne a bayan wani gini, mai gadi ya tsare ƙofa sai kowa ya biya kuɗin shiga, abin da ba ya cikin yarjejeniya. Ga shi lokacin ruwa bai gama hawa ba, katakon yana sama, jirgin yana ƙasa, sai ka juya baya ka bi wani tsani mai santsi ka lalubi wurin zama da ƙafa. Matasa sun sauka ba matsala. Shugaban ƙungiyarmu, mutum mai jiki, sai da mutum biyu suka riƙe masa jirgi, na uku ya riƙe shi. Wurin da ya yi kyau a cikar ruwa ba lallai ya yi kyau kafin ta ko bayanta ba, kuma su sun fi mu sanin haka. Babu kuma wurin alwala ko inda za a shimfiɗa darduma, sai a filin ajiye motoci muka yi azahar da la'asar a haɗe bayan mun fito.

Rigunan kariya sun wadata, kuma ba su bar kowa ya taka tsani ba sai ya ɗaura. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, LASWA, ta wajabta sanya su, mu ma da muka sha jin labarin kifewar jirage a ƙasar Hausa ba mu da bakin musu. Sai dai biyu daga ciki maɗaurinsu ya karye, da igiya aka ƙulle.

Shi kansa jirgin, irin wanda ake zama a samansa ne, ba mai rami ba. Akwai 'yan huduji a ƙasansa da ruwa ke fita ta ciki, ta nan kuma yake shigowa, saboda haka wando zai jiƙe tun kafin a yi nisa. Kada ka je da shadda. Filafilin baki biyu gare shi, ana tsoma dama a tsoma hagu, kana zaune ƙafa a miƙe. Kawu, da hannunsa ya saba da tuƙi ta gefe ɗaya yana murɗa filafili a ƙarshe don jirgi ya miƙe, ya yi ta zagaye a wuri guda kamar minti biyar. Jagoranmu, wani ɗan ƙabilar Ilaje da ya tsinci Hausa a Obalende, ya matso ya ce, "Baba, bari ƙarfi. Juya ƙirji, hannu ya bi." Da ya kama kuwa, babu wanda ya sake ganin ƙeyarsa sai a gindin gada.

Wannan jagora shi ne ainihin abin da muka biya. Ya jera mu bibbiyu, shi a gaba, yaronsa a baya da igiyar ja, ya ce kada kowa ya yi nisan da ba zai ji usur ba. Babban haɗarin rafin jiragen fasinja ne masu gudu, waɗanda ke barin igiya a bayansu. Ya ce duk sanda ɗaya ya wuce, a juya hancin kayak a fuskanci igiyar, kada a bari ta doki gefe. Mun bi bakin gaɓa, inda za mu tsallaka kuwa sai da ya tara mu wuri ɗaya muka ratsa tare.

A ƙarƙashin gadar ya sa muka tsaya. Ya nuna mana ginshiƙi: akwai ɗamara ta ƙananan katantanwar ruwa da gansakuka da ta zagaye shi, saman ɗamarar a bushe fari fat, kuma ruwan ranar bai kai ƙarshenta ba, saura kamar taƙi guda. Ya ce sai a farin wata ko wajen tsayuwarsa yake rufe ta. Agogo ya nuna lokacin cika ya yi, ni har na fara juya jirgi, ya ce in dakata in dubi ciyawar da ke yawo a kan ruwa. Tana ci gaba da tafiya gabas. Lokacin da ke jadawali na bakin mashigar teku ne, a cikin rafi ruwa yana ci gaba da kwarara bayan nan kafin ya tsaya. Muka zauna muna cin dabino, ciyawar ta rage gudu, ta tsaya tana juyi a wuri ɗaya, can sai ta fara sulalewa yamma. Kawu ne ya fara gani, ya ɗaga filafili ya ce, "Malam, ya juya." Jagoran ya yi dariya ya busa usur. Ya ƙara mana da cewa da damina, idan kogin Ogun ya cika tafkin, ruwa mai fita ya fi mai shiga ƙarfi nesa ba kusa ba, ga iskar kudu maso yamma, kuma idan iska da ruwa suka yi karo igiya takan miƙe tsaye. Ga sababbi, hunturu da sassafe zuwa hantsi ya fi.

Kuɗin ba kaɗan ba ne, sai da muka haɗa da abin da ke asusun ƙungiya, kuma hotunan da yaronsu ya ɗauka ashe su ma da kuɗinsu daban. Duk da haka idan aka ce in sake, zan sake da su, da sharaɗin a ba mu jagoran nan.

Wanda zai shirya wa jama'arsa irin wannan daga nan Arewa, ya tsayar da ranar ruwa tukuna sannan ya ɗora ranar lodi a kanta, ya kuma bar kwana ɗaya rara, don motar kaya daga Haɗejia ba ta da alƙawari. Ya nemi a rubuta masa lokacin tashi da agogon Nijeriya, da ainihin wurin sauka ruwa tare da hotonsa a lokacin da ruwa ya janye, da duk wani kuɗin ƙofa. Ya tambayi makomar kafin alƙalaminsa idan iska ta hana fita. Namu sun ce ba sa mayar da kuɗi, sai dai su ɗaga rana, kuma ɗaga rana ba shi da amfani ga mutumin da motarsa za ta juya Jigawa washegari. Sai da na matsa kafin suka yarda a rubuce cewa za su mayar da rabi.