Soso ko ɓuntu: wace hanya ce ta fi wajen yin tangaran mai ƙofofi?

Wani ɗan uwa mai sana'ar zubin alminiyam ya tambaya: yana son matatar da zai riƙa tace narkakken ƙarfe da ita, yana kuma son bulo marar nauyi na jikin tanderu. Ya ji ana cewa a tsoma soso cikin kwaɓin yumɓu a gasa, wasu kuma sun ce a cuɗa yumɓu da ɓuntun shinkafa ko dusar katako. Wanne zai ɗauka?

Malam, aiki biyu ka kawo, kuma kowanne da hanyarsa. Matata tana son manyan ƙofofi masu haɗe da juna don ƙarfe ya ratsa. Bulon tanderu kuwa ƙananan ramuka yake so, waɗanda za su tsare iska su hana zafi fita. Soso na farkon ne, ɓuntu na biyun.

Hanyar soso tsohuwa ce, masu bincike biyu, Schwartzwalder da Somers, suka yi mata rajistar ƙirƙira a Amurka a 1963. Ana samun soson foliyuretan (irin robar da ake yin katifa da ita) wanda aka buɗe duk ƙofofinsa, a tsoma shi cikin kwaɓi, a matse, a shanya, a gasa. Soson ya ƙone, siffarsa ta rage a tangaran. Girman ƙofa tun daga sayen soso ake zaɓarsa: ana ƙirga ƙofa nawa ce a inci ɗaya, kuma masu zubi sun fi amfani da mai 10 zuwa 30. Yankin katifa ba ya yi, don yawancin ƙofofinsa akwai siririyar fata da ta rufe su, kwaɓi ba ya shiga ciki sosai.

Wahalar tana cikin kwaɓin. Garin yumɓu ya zama kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na nauyinsa, sauran ruwa ne, da ɗigon sodiyam silikat mai warware yumɓu, da ɗan abin ɗauri irin su ƙaro. Ana son kwaɓin da yake sakewa in an matsa shi, ya kuma kama jikinsa da zarar an sake shi, kamar kunun da ya fara hucewa. In ya yi tsululu, sai ya tsiyaye ya taru a ƙasa, sama ta zama ba ƙarfi. In ya yi kauri, ya toshe ƙofofi. Bayan matsewa a ɗaga soson a duba ta haske, duk inda haske bai ratsa ba a sake matsa wurin ko a hura masa iska.

Sai gashi, inda aka fi yin asara. Kada zafi ya riƙa hawa fiye da digiri 1 na Selsiyus a minti har a kai wajen 600, wato kusan awa 10 ke nan. Dalili: soson yana kumbura yana fitar da hayaƙi tun yumɓun bai yi ƙarfi ba, in aka yi gaggawa sai ya tsattsage rigar da ke kansa. Hayaƙin nan guba ne, akwai sayanayid a ciki, don haka a fili ake wannan mataki, ba a rufaffen shago ba. Ko an bi a hankali, akwai aibin da hanyar ta gada: inda zaren soso yake, rami ne mai kusurwa uku ke saura a tsakiyar kowane ginshiƙi, kuma daga kusurwoyin nan tsaga ke farawa. Shi ya sa ƙarfin tangaran ɗin kan tsaya tsakanin megafaskal 0.5 da 2 (megafaskal ma'aunin matsin da abu ke jurewa ne). Maganinsa a sake tsoma shi cikin kwaɓi mai ruwa-ruwa bayan ya bushe, ko bayan gashin farko, don a cike ramukan a ƙara wa ginshiƙan kauri. Ribar tana da yawa: in tsurar tangaran a jikin abin ta tashi daga kashi 10 zuwa 20, ƙarfi yana ninkawa kusan sau 2.8. Ƙara wuta kawai ba ya ba da wannan, sai dai ya ƙara motsewa da karkacewa.

Hanyar ɓuntu ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma kayanta suna kusa: farin yumɓun kawolin na Ƙanƙara ko Alƙaleri, da ɓuntun da ke jibge a bakin injinan casar shinkafa. A niƙa ɓuntun ko dusar katakon, a tankaɗe da rariya biyu, a ɗauki abin da ya ratsa babba ya tsaya a ƙarama. Girman garin shi ne girman ramin, yawansa shi ne yawan ramukan. A gwada daga kashi 10 zuwa 30 bisa nauyi. Kawolin ba shi da danƙo, sai an sa masa yumɓun maginan tukwane kaɗan, da garin gasasshen yumɓu don rage motsewa. In aka zarce da ɓuntu bulon yana marmashewa a hannu tun kafin ya ga wuta. A tsakanin digiri 300 da 600 a bar iska ta wadata, in ba haka ba tsakiyar bulon ta fito baƙa, gawayi ya maƙale a ciki. Nan ne kuma kawolin ke sakin ruwan da ke jikinsa, yashin ciki ya ɗan kumbura a digiri 573, saboda haka nan ma ba a sauri. Gashin ƙarshe wajen 1,200 yake, inda malayit, wani ma'adini mai tauri, ke samuwa ya ba da ƙarfi. Ɓuntu yana barin toka kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, yawancinta silika, wato sinadarin yashi, dusar katako kuwa kusan ƙonewa take ƙurmus.

Ramukan wannan hanya ba su cika wuce milimita ɗaya ba, kuma mashigar da ke tsakaninsu ƙunci gare ta. Ruwa zai iya ɗiga ta ciki, amma alminiyam, wanda ke daskarewa a digiri 660, zai tsaya a kai ne kawai. Kada ka ɓata yumɓunka wajen neman matata ta nan.

A kan matatar ma akwai magana. Na kamfani da alumina ake yi wa alminiyam, silikon kabayid na baƙin ƙarfen zubi, zakoniya na ƙarfen sitil mai tsananin zafi. Narkakken alminiyam yana cin silika, kuma kawolin cike yake da ita, don haka ta yumɓu ta zubi ɗaya ce, a jefar. A ɗumama ta kafin zubi, a kuma kaɗe ta sosai, don guntun da ya ɓalle ya shiga cikin ƙarfe ya fi dattin da ake gudu illa.

Don sanin yawan ƙofofin abin da ka gasa: auna shi a bushe, tafasa shi awa 2, auna shi a rataye cikin ruwa, sannan ka goge ka auna a jiƙe. Cire busasshen nauyi daga jiƙaƙƙe, ka raba da abin da ya rage in an cire na cikin ruwa daga jiƙaƙƙe. Wannan awon ya fi dacewa da bulo; matatar soso mai kyau ƙofofinta kan kai 0.8 zuwa 0.9 na girmanta, amma ruwa yana tsiyayewa daga cikinsu kafin a auna ta a jiƙe.