Sharon ɗin ƙauyenmu, mota ɗaya gari guda na jira

Jama'a bari in faɗi albarkacin bakina kan motar hayar da wani bawan Allah ya saka mana a ƙauyenmu nan ƙaramar hukumar Taura, yau shekara guda da ɗoriya kenan ina shiga. Ba zan kama suna ba, amma duk ɗan yankin ya san farar Sharon ɗin nan mai fasasshen gilashin baya da aka liƙe da salatif.

Kafin zuwanta sai dai ɗan acaɓa ya fito da kai bakin titi, kusan rabin awa kana shan ƙura a burji da yashi, sannan ka tsaya jiran motar Ringim ko mai wucewa tashar Yankaba a Kano, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mashin ya fi ƙarfin talaka, har wasu mata suka daina zuwa awon ciki gaba ɗaya. To wannan motar ta share mana hawaye wallahi. Da an sallame asuba yake tayarwa, ba ya saɓa lokaci, kuma in ka kira shi tun dare zai ajiye maka kujera. Bashi ma yana ɗagawa zuwa ranar kasuwa.

Abin da ba zan manta ba, daren da naƙuda ta kama matar ƙanina wajen ƙarfe biyu, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Bugu ɗaya ya ɗaga, ya zo da jallabiyar barci ko hula babu, na fara maganar kuɗi ya ce "Yaya ku sako ta kawai, wannan sai mun dawo." Kafin kiran assalatu muna asibitin Ringim, ta sauka lafiya. Allah Ya saka masa.

Amma lodin ya yi yawa, gaskiya ɗaya ce. Ranar Lahadi ta kasuwar Gujungu mutum biyu a kujerar gaba, na uku ya raba kujera da direba yana canja giya ta tsakanin ƙafafunsa, but a buɗe an ɗaure da igiya, buhun riɗi da zoɓo a ƙasa akuya a sama tana kuka. Na taɓa gani da idona wata tsohuwa da ƙullin daddawarta an ce "Iya ki yi haƙuri sai sawu na biyu", ta zauna gindin darbejiya har hantsi, lokacin da ta isa kasuwa masu sari sun watse. Abin ya tsaya min a rai.

Kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai, mutane ne muka yi yawa. Ƙidayar 2006 ta ce Jigawa mutum miliyan 4 da dubu 300 da ɗoriya ne, har yau ba a sake wata ba, mu kam a nan gonakin da muke kiwo muna yara duk sun zama gidaje, masallacin Juma'a sahu har waje, amma hanya tana nan yadda kakanninmu suka bar ta. Da Agusta ta kama ruwa ya cinye fadama motar ba ta iya shigowa, sai amalanken shanu ya kai ka inda take tsayawa.

In maki ne na ba shi 7 cikin 10. Masu hali 'yan garinmu da ke Kano da Dutse don Allah a ƙara mana ko da ɗaya ce, fasinja akwai. Mai zuwa Gujungu kuma ya kira shi tun Asabar kafin isha'i.