Littattafai uku da na saya wa 'yata a Samaru

A hutun da ya wuce 'yata ta ishe ni da cewa ta cinye duk abin karantawa da ke gida. Shekarunta 13, kuma irin yaran nan ne da ko takardar ƙosai suka samu sai sun karanta kafin su yar. Wata Asabar na taso daga Wusasa zuwa Samaru, na shiga wani shagon littattafan gwanjo da ke cikin layi, ba nisa da ƙofar jami'a.

Shagon ƙarami ne, amma mai shi ya san kan kayansa. Littattafan ɗalibai a gaba, na hira a ciki, na yara a ƙasa inda hannun yaro zai kai. Babu ƙura, kuma yana bari ka tsaya ka buɗe ka duba ba tare da ya tsare ka da ido ba. Da na faɗa masa abin da nake nema, ya sunkuya ya zaro guda uku ɗaure da roba daga gefen littattafan labaran Yusufu da Dawuda. Ya ce, "Malama, wannan ki kai mata, za ta yi miki godiya." Naira 9,000 ya ce, muka daidaita a 7,500. Na biyun ruwa ya taɓa bangonsa, shi da kansa ya nuna mini, shi ya sa ya rage.

Littattafan na Philip Pullman ne, marubuci ɗan Ingila, jerin da ake kira His Dark Materials. Na farko, Northern Lights, ya fito a 1995, shi ne Amurkawa suka sa wa The Golden Compass. Na biyu a 1997, na uku a 2000.

Da yake ni malamar makarantar Lahadi ce, nakan riga yara karanta abin da zan ba su. Na farkon na karanta a dare uku, kuma gaskiya mutumin nan ya iya ba da labari. A duniyar yarinyar da ake kira Lyra, kowane mutum kurwarsa a waje take, tana tafiya a gefensa da siffar dabba, suna hira. Ta yaro takan sauya kama, yanzu tsuntsu, anjima kyanwa, sai ya balaga ta tsaya a siffa ɗaya. Wasu manya kuma suna satar yara suna kai su can arewa cikin ƙanƙara, suna yanke su daga kurwarsu. Akwai inda Lyra ta tarar da wani yaro da aka yi wa haka shi kaɗai a wata bukka, ya rungume busasshen kifi a ƙirjinsa a madadin kurwar da aka raba shi da ita. Na ajiye littafin na yi shiru. Duk wanda ya tashi yana jin labarin maye ya kama kurwar yaro ba sai an yi masa bayanin wannan tsoron ba.

Masu yankan nan hukumar addini ce ta ɗaure musu gindi, kuma sunanta Magisterium, wato ainihin sunan da Katolika ke kiran ikon koyarwa na ikilisiyarsu. Na lura da hakan, amma na ce a raina ai annabawa ma sun tsawata wa firistoci masu cin amana. Na miƙa mata duka ukun. Nan na yi kuskure, don ban kai ga na ukun ba.

Bayan mako biyu, ina tankaɗe a tsakar gida, ta zo ta zauna a bakin tabarma da littafin a cinyarta. Ta ce, "Mama, Kaka tana wurin Yesu da gaske, ko ta watse cikin iska?" Mahaifiyata ta rasu bara, kuma a ɗakinta yarinyar nan take kwana. Na amsa mata da abin da na gaskata, na karɓi littafin, a daren na fara shi.

A nan ne na gane abin da ya tada wa Kiristoci hankali, kuma ba jahilci ba ne ko tsoron tatsuniya. A littafi na uku wanda ake yi wa sujada ana kiransa Mahalicci ba shi ya halicci komai ba, mala'ika ne na farko da ya yi wa na bayansa ƙarya. Ya tsufa tukuf, hankali ya gushe, yana kwance a akwatin gilashi, Lyra da abokinta Will suka buɗe don tausayi, iska ta kaɗa ya narke. Lahira kuma babu aljanna a cikinta, wani fili ne mai duhu da aka tara matattu, na kirki da mugaye, kuma ceton da aka yi musu shi ne a buɗe ƙofa su fito su watse. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda aka kifar da Farawa sura 3. Lyra ce sabuwar Hauwa'u, wata tsohuwar sista da ta bar bangaskiya ita ce a matsayin maciji, kuma faɗuwar ce ta ceci duniya. Wani firist kuwa an aike shi ya kashe yarinyar, an riga an gafarta masa zunubin tun bai aikata ba. Na nemi mai bi guda ɗaya mai tausayi da zan nuna wa 'yata, ban riƙe ko ɗaya ba. Maimakon Mulkin Sama, littafin yana kira a gina Jamhuriyar Sama, inda babu Sarki.

Wata 'yar zumuntarmu ta ce mini ai rigimar 'yan Katolika ce. Ba haka ba ne. A cikin labarin har an mai da John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, Paparoma, ya koma da kujerar birnin Janiba, kenan mu ma ba a bar mu a baya ba. Gaskiya ne dai su suka fi ɗaga murya. Da fim ɗin littafi na farko zai fito a Disamban 2007, ƙungiyar Catholic League ta Amurka ta yi kira a ƙaurace masa. Hujjarta ita ce an rage zafin maganar addini a fim ɗin, iyaye za su ga babu komai, su sayo wa yara littattafan a Kirsimeti. Jaridar fadar Paparoma ma ta soke shi. Tarkon da suka hango shi ne na faɗa ciki, ba ta fim ba, ta littafi na farko.

Sai dai Rowan Williams, wanda a lokacin shi ne Babban Bishop na Kantabari, shugaban namu na Angilikan, ya yaba da labarin a 2004, har ya ga ya dace a yi amfani da shi a darasin addini. A ganinsa abin da ya mutu a ciki gunki ne, addinin danniya da tsoro, ba Allah mai rai ba. Na yarda da shi rabi. Wannan tsohon na cikin akwati ba shi nake yi wa sujada ba, kuma mun ga masu danne mutane da sunan Allah. Amma Bishop malamin tauhidi ne mai furfura. 'Yata shekararta 13, tana kewar kakarta, kuma marubucin bai taɓa ɓoye cewa shi bai gaskata da Allah ba.

Ban ƙona su ba, ban kuma hana ta ba, don ta riga ta karanta. Mun ɗauko tsohon Littafi Mai Tsarki na Kaka, muka ajiye shi kusa da na ukun, kowane dare muna karanta sura ɗaya nan, ɗaya can, tana tambaya ina amsa abin da na iya. Wanda ya fi ƙarfina muka kai wa Baba Rabaran bayan sujada, ya zauna da ita a inuwar majami'a kusan awa guda.

Na koma shagon na gaya wa mai shi. Bai yi gardama ba, ya ce shi bangon ya gani da hoton yarinya da dabba, bai taɓa buɗewa ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Malama." Akwai sauran saiti ɗaya, a gabana ya ɗauke shi daga wurin yara ya mayar cikin na manya. Zan ci gaba da saye a wurinsa. Littattafan kuwa, babba ko ɗan jami'a ya saya, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Wanda zai saya wa yaro kuma ya fara karanta na ukun.