Sharhina kan ƙwayoyin homiyofati na Allium cepa 30C

Na sayi ƙaramar kwalbar wannan magani a wani kanti a Delhi, lokacin da na raka yayata asibiti. Atishawa da zubar hawaye ke damuna duk lokacin da hunturu ya kama. A Indiya homiyofati, wato tsarin magani da ake surka abu sau da yawa kafin a ba marar lafiya, ba baƙon abu ba ne, har ma'aikatar gwamnati ta AYUSH ke kula da shi.

Ƙwayoyi ne farare masu zaƙi, girmansu kamar gero. Ana sa su a ƙarƙashin harshe su narke, ba a taɓa su da hannu, kuma ana ba da tazara tsakaninsu da abinci. Ba su sa ni barci ba, kuɗinsu ma bai taka kara ya karya ba. Amma atishawar tana nan daram, sai da ƙura ta lafa na samu sauƙi, yadda na saba kowace shekara.

Shi ya sa na bi diddigin yadda ake haɗa su. Allium cepa albasa ce. Samuel Hahnemann, likitan Jamus da ya kafa tsarin homiyofati a 1796, ya ce abin da ke jawo wa mai lafiya wata alama shi ke warkar da ita a jikin marar lafiya. Albasa na sa hawaye, don haka ita ce maganin hawaye. Ana jiƙa ta a sinadarin barasa (wanda wannan ya dame shi ya tambaya kafin ya saya), a ɗebi ɗigo ɗaya a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza da ƙarfi, a sake ɗibar ɗigo ɗaya daga ciki a maimaita. 30C na nufin an yi haka sau 30. Tun daga zagaye na 12, lissafin masana ya nuna da wuya a samu ko ƙwayar zarra ta albasar. Wannan ruwan ake ɗiga wa ƙwayoyin sukarin.

Abin da ke damuna shi ne masu ɗaukarsa maganin gargajiya. Sassaƙe da saiwa, ko sun yi aiki ko ba su yi ba, itacen yana cikin tukunya. Nan babu shi.

Ba zan sake saya ba, kuma ina roƙon mai ciwon sukari ko zazzaɓin cizon sauro kada ya ajiye maganin asibiti saboda shi. Hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta duba bayanan bincike kan homiyofati a 2015, ba ta samu cutar da aka tabbatar yana warkarwa ba. Faransa ma ta daina biyan kuɗinsa daga inshorar lafiyar ƙasa a 2021.