Gargaɗi ga masu zane a Jos: masu sayar da mabiya da yabon ƙarya sun shigo mana

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na 'yan'uwana masu zane ne, na nan Jos da kewaye: masu fensir da gawayi, masu fenti, masu rubutun Larabci na ado, masu lalle, da yaranmu da ke zane a waya da kwamfuta. Wasu 'yan damfara sun sa mu a gaba a Instagram da Facebook da TikTok. Abin da suke riƙo mu da shi kuwa shi ne ƙishirwar da kowane mai zane yake da ita, wato a ga aikinsa, kuma wani wanda ya sani ya faɗa masa gaskiyar yadda aikin yake. Tun bayan ƙaramar sallah nake jin maganar a bakin yaran da ke zuwa shagona, yanzu kuma ta kai inda shiru ba zai yi ba.

Da wuya su fara da maganar kuɗi. Ka ɗora zanen da ka kwana uku a kansa, ko minti biyu ba a yi ba sai ga wani ya rubuto a ƙarƙashi da Turanci cewa aikin ya yi kyau matuƙa, ka tura shi ga wani shafi domin a tallata maka. Saurin kaɗai ya isa ya sa ka tsaya. Ba mutum ne ya kalli zanenka ba, na'ura ce aka saita tana bin alamun da masu zane ke liƙawa a ƙarƙashin hotunansu, duk wanda ta samu ta ajiye masa wannan jimla. In ka leƙa shafin da aka ce, za ka ga mabiya dubu ɗari biyu ko fiye, da hotuna masu kyau da aka kwaso daga shafukan mutane. Ka yi musu magana, su turo maka farashi hawa-hawa: wannan na kwana ɗaya, wannan na mako, wannan kuma har da mabiya dubu biyar kyauta. Na ga wanda aka ce wa naira dubu takwas, na ga wanda aka ce wa dubu talatin. Wasu da zarar kuɗin ya shiga sai su toshe ka. Waɗannan ma da sauƙi, domin kuɗin kawai ka rasa.

Waɗanda suka fi cutarwa su ne masu cika alkawari. Ka wayi gari ka ga mabiyanka sun tashi daga ɗari huɗu zuwa dubu biyar, ka yi ta murna. Buɗe jerin ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Sunaye ne haɗe da lambobi barkatai, babu hoton fuska, ba su taɓa ɗora komai ba, kowanne yana bin mutum dubbai shi kuma ba mai bin sa. Waɗannan ba za su taɓa tsayawa kan zanenka ba, ba za su tura wa aboki ba, balle su ce ka zana musu hoton mahaifiyarsu. Ga kuma inda ɓarnar take: manhajojin nan suna lura da yadda mutanen da aka fara nuna wa abu suka karɓe shi, daga nan suke yanke ko su ƙara yaɗa shi ko su bar shi. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana a farkon 2025 cewa abubuwa uku ne suka fi nauyi a wurinsu: tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo, yawan waɗanda suka nuna so, da yawan waɗanda suka tura wa wani. To ka cika shafinka da gawarwaki dubu biyar, wa zai kalla, wa zai tura? Sai ka ga aikin da a da mutum tamanin ke tankawa, yanzu ko ashirin ba ya samu. Tun 2018 ma kamfanin ya sanar cewa yana share irin waɗannan mabiya na bogi, don haka bayan 'yan makonni adadin zai zube, mai sayarwa ya dawo ya ce ka ƙara kuɗi a cike maka gurbi.

Akwai wani salon da ya fi ba ni haushi, domin yaran da suke son koyo da gaske yake kamawa. Ana buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram, a ce akwai ƙwararru daga Ingila da Amurka masu duba aiki su ba da gyara, kuɗin shiga naira dubu biyar a wata. 'Yan mata biyu 'yan Anguwan Rogo, ƙawayen juna, suka biya. Ɗaya tana zana fuskoki da gawayi, ɗaya tana rubutun ado da tawada. Kowacce ta tura aikinta, kowacce ta samu dogon sharhi da Turanci mai santsi. Da suka kawo mini wayoyinsu muka jera su a kan tebur, sai ga shi kalma da kalma abu ɗaya ne, suna kawai aka canza. An yaba wa mai gawayi kan yadda ta iya haɗa launuka masu ɗumi, alhali aikinta baƙi da fari ne. Hoton kuwa na wani dattijo ne da rawani, kuma kunnensa na hagu ya sauka ƙasa da inda ya kamata, ga inuwar hanci ta faɗi ɓangaren da haske yake fitowa. Ƙwararren bai ga ko ɗaya ba. Wanda ya kalli zanen na daƙiƙa goma da idon sani, da kunnen zai fara.

Ina so a riƙe wannan, domin shi ne ma'aunin da nake ba yarana. Sharhin da ya fito daga wanda ya duba aikinka yana nuna wuri da yatsa. Zai ce idon dama ya fi na hagu girma, ko hannun ya yi gajere, ko ka danne fensir a goshi har takarda ta yi ƙyalli. Wanda za a iya ɗauka a manna a ƙarƙashin kowane zane a duniya ya zauna daidai, ba sharhi ba ne.

Babbar damfarar kuwa tana zuwa ne daga baya, kuma ina kyautata zaton jerin waɗanda suka taɓa biyan kuɗin talla ake bi, tunda an riga an san suna iya biya. Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya shigo da safe yana rawar jiki, ya ce, "Maigida, Allah ya kawo lokaci." Wata baturiya ce, a cewar hoton shafin, ta ce ta ga ayyukansa uku tana son sayensu a matsayin NFT, wato shaidar mallakar hoto da ake saye da sayarwa a intanet, kowanne a kan Ethereum biyu, wani nau'in kuɗin intanet da ake kira kirifto, wanda miliyoyin naira ne. Ba ta tambayi girman zanen ba, ba ta tambayi da me aka yi shi ba, ba ta nemi ragi ba. Ta turo masa adireshin wani shafin ciniki da ban taɓa jin sunansa ba, ta ce a nan kaɗai take saye. Ya yi rajista, aka ce sai ya biya kuɗin gas, wato ladan da tsarin kirifto ke caja kan kowace hada-hada, kafin a ɗora hotunan. Ya ce ba shi da kirifto, nan take ta haɗa shi da wani "wakili" da ya ba shi lambar asusun banki na nan Najeriya, da sunan wani mutum daban. Ya tura dubu arba'in da biyar, kuɗin da yake tarawa na jarrabawa. Washegari shafin ya nuna masa cewa an saye, ga kuɗinsa nan a rubuce da manyan lambobi. Da ya danna cirewa, sai aka ce akwai kuɗin tantance asusu, dubu ɗari da ashirin. Rancen wannan kuɗin ne ya kawo shi wurina.

Na ce masa, "Zauna tukuna. Wa ya taɓa sayen hoto a shagon nan ya ce mu fara ba shi kuɗi?" Ya yi shiru. Lambobin da yake gani a shafin, masu shafin ne suka rubuta su da hannunsu, babu ko kwabo a bayansu. Da ya biya na tantancewa, da na haraji ya biyo baya, sannan na canji, har ranar da ya ƙare.

Ban ga laifin yaron ba, kuma ina roƙon kada a mayar da irinsa abin dariya. Ƙaryar tana tafiya ne a kan wata gaskiya. A watan Maris na 2021 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da aikin wani Ba'amurke da ake kira Beeple a matsayin NFT a kan dala miliyan 69, labarin ya zaga duniya, kuma duk mai zane a waya ya ji shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kasuwar ta rushe a 2022, mafi yawan hotunan da aka saya da tsada a lokacin yanzu ba su da mai tayawa. Kuɗin gas ma akwai shi da gaske, amma daga lalitar kirifto ta mutum, wato manhajar da yake ajiye kirifto a ciki, yake fita kai tsaye zuwa tsarin, ba a tura shi asusun wani a banki, kuma mai saye na gaskiya ba ya tilasta maka wani shafin da shi kaɗai ya sani. Sannan in kana da lalita, kalmomin sirri 12 ko 24 da aka ba ka ranar buɗewa su ne mabuɗin komai. Duk wanda ya nemi ka rubuta su a wani wuri domin a "haɗa" asusunka, kwashewa zai yi. Mun ga damfarar zuba jari ta MMM a 2016, mun ga ta CBEX a 2025, duk da lambobi a fuskar waya aka ruɗi mutane.

Wani lokacin ba kuɗinka suke so ba, shafinka suke so. Saƙo zai zo cewa an kai ƙararka kan satar fasaha, za a rufe shafin cikin awa 24 in ba ka danna nan ba. Ko a ce an zaɓe ka a gasar zane, ko za a ba ka shuɗin maki, alamar tantance shafi, kyauta. Ka danna, shafi mai kama da na gaske ya buɗe, ka sa kalmar sirrinka da hannunka. A WhatsApp kuma lambobi shida da aka turo maka za su ce ka karanto musu, wai na shiga zaure ne. Da sun karɓe shafin, sai su shiga yi wa kwastomominka magana da sunanka, suna karɓar kafin alƙalami na hotunan biki da ba za a taɓa zanawa ba. Kai za a zo nema har gida, domin kai aka sani. Mai sana'a a garin nan da sunansa yake ci, kuma gyara shi ya fi mayar da kuɗi wuya. Kowa ya shiga saitin manhajarsa yau ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ba ya cin minti biyar.

Sai tsohon salon alat na bogi, wanda masu shago sun san shi: a ce an turo fiye da kuɗin aiki bisa kuskure, ka mayar da ragowar. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka, kada ka dogara da saƙon tes ko hoton rasit.

To ina mai son a ga aikinsa zai nufa? Hanyar tana da jinkiri, amma akwai ta. Ka ɗauki hoton aikin da hasken safe kusa da taga, ba da fitilar waya ba, ka goge gilashin kyamarar, ka daidaita takardar kada ta karkace. Rabin zanen da ake wucewa ba a kalla, hoton ne ya kashe shi. Ka jingina waya ka ɗauki hannunka yana aiki, domin mutane sun fi tsayawa kan fuska tana fitowa daga farar takarda fiye da kan wadda aka gama. Ka yi bayani da Hausa. Mai ba ka aikin hoton amarya yana Rikkos ko Gangare ko Bukuru, ba ya Landan, kuma mutum ɗari uku na garin nan da suka san ka sun fi maka dubu goma da ba su san inda Filato take ba. In gyara kake so, kada ka rubuta "ya kuka gani?", za a ce maka masha Allah a wuce. Ka ce, "Hannun nan ya ƙi zama, ina matsalar take?" Tambaya ƙarama ita ke jawo amsa mai amfani. Kai ma ka riƙa tsayawa kan aikin wasu kana faɗin abin da ka gani, da ladabi, za su rama maka.

Kuma kada waya ta mantar da mu inda muke zaune. Gidan tarihi na Jos yana nan tun 1952, da kawunan yumɓu na Nok da aka ƙera fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Je ka da takarda da fensir ka zauna gabansu, ka ga yadda aka huda ido da hanci. Akwai ɗaliban zane da malamansu a Jami'ar Jos, akwai dattawan da suka shekara talatin suna rubuta allunan shaguna da jikin manyan motoci. Ka ɗauki aikinka ka kai wa ɗayansu, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, a duba mini." Wataƙila abin da zai faɗa ba zai yi maka daɗi ba, amma zai nuna maka wurin, kuma ba zai karɓi sisinka ba.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya ɓoye. Kar ka goge hirar. Ka ɗauki hoton komai: sunan shafin, lambar asusun da ka tura wa kuɗi, rasit, da lokacin. Ka je bankinka a ranar, ba gobe ba, ka shigar da ƙorafi a rubuce, domin in akwai damar riƙe kuɗin to a awannin farko take. Ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar damfara irin ta 419 ta 2006 duk sun shafi irin wannan. In shafinka aka ƙwace, ka sanar da kwastomominka ta kowace hanya kafin a karɓi kuɗinsu, sannan ka bi hanyar dawo da shafi da ke cikin manhajar kanta. Kuma ka shirya, cikin kwanaki kaɗan wani zai rubuto ya ce shi gwani ne, zai dawo maka da kuɗinka ko shafinka in ka biya wani abu kaɗan. Yaron shagona ya samu irin wannan saƙon tun kafin mako ya zagayo. Su ne dai suka sake shiga, kada ka amsa.